Tambayoyi da Amsoshi Kan 'Yan Ƙwallon Meksiko, Ƙungiyoyinsu da Tawagar Ƙasarsu

Meksiko ƙasa ce da ba kasafai ake rasa ta a gasar cin kofin duniya ba, kuma duk wanda ya daɗe yana kallon ƙwallo ya san koriyar rigarta da kaɗan daga cikin taurarinta, irin su Hugo Sánchez da Rafael Márquez da Chicharito. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda ƙasar da ke da yawan jama'a da kuɗi da manyan filaye da ƙaunar wasa haka take tsayawa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Mene ne ainihin matsayin Meksiko a ƙwallon ƙafa ta duniya?

A yankinta na Arewacin Amurka da Amurka ta Tsakiya da Karebiyan, wanda hukumar CONCACAF ke jagoranta, Meksiko ce babba. Ta lashe kofin yankin, wato Gold Cup, sau 10, na baya-bayan nan su ne na 2023 da na 2025. Tana cikin ƙasashen da suka buga gasar duniya ta farko a Uruguay a 1930, kuma zuwa gasar Qatar ta 2022 ta halarci gasar sau 17. A 1999 ta ɗauki kofin zakarun nahiyoyi a gida bayan ta doke Brazil da ci 4-3 a filin Azteca, sannan ta kai wasan ƙarshe na Copa América, gasar ƙasashen Kudancin Amurka, sau biyu a matsayin baƙuwa, a 1993 da 2001, ko da yake Ajantina da Kolombiya ne suka ɗauki kofunan.

Amma a gasar cin kofin duniya, daga 1930 zuwa 2022, mafi nisan da ta yi shi ne zagayen ƙasashe takwas, kuma sau biyun da ta kai can, a 1970 da 1986, ita ce mai masaukin baƙi. A 1970 Italiya ta cire ta da ci 4-1 a Toluca, a 1986 kuma Jamus ta Yamma ta cire ta a bugun fenareti a Monterrey bayan an tashi babu ci.

Me ake nufi da "wasa na biyar" da magoya bayanta ke yawan ambata?

A tsarin gasar da aka bi har zuwa 2022, ƙasa kan buga wasa uku a rukuni, na huɗu a zagayen 'yan 16, na biyar kuma a zagayen ƙasashe takwas. Daga 1994 zuwa 2018 Meksiko ta tsallake rukuni sau bakwai a jere, abin da ƙasashe kaɗan ne suka iya yi, kuma sau bakwai a jere aka cire ta a wasa na huɗu. Wannan ne ya sa wasa na biyar ya zama babban burin 'yan ƙasar, har kowane koci da aka ɗauka sai an tambaye shi a kansa tun ranar da aka gabatar da shi.

Kowace faɗuwa da irin nata ciwon. A 1994 Bulgeriya ta cire su a fenareti, alhali Hugo Sánchez na zaune a benci kuma koci Miguel Mejía Barón bai canza ko mutum ɗaya ba har aka gama ƙarin lokaci. A 1998 Luis Hernández ya fara ci wa Meksiko, sai Klinsmann da Bierhoff suka juya wa Jamus wasan. Ta 2002 ta fi kowace zafi, domin maƙwabciyarsu Amurka ce ta ci su 2-0, kuma aka kori kyaftin Márquez da jan kati. Ajantina ta cire su sau biyu a jere, a 2006 da ƙwallon da Maxi Rodríguez ya tare da ƙirji ya sheƙa daga wajen da'ira a ƙarin lokaci, sai kuma a 2010 da ci 3-1, inda ƙwallon farko da Carlos Tevez ya ci ta kasance ta satar gida ƙarara.

Wasan 2014 da Holan shi ne lokacin da suka fi kusantar burin. A Fortaleza, cikin zafin rana mai tsanani, Giovani dos Santos ya ci jim kaɗan da dawowa daga hutun rabin lokaci, Meksiko ta riƙe wasan har saura minti biyu a tashi. Sai Wesley Sneijder ya farke, sannan a cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, Arjen Robben ya kutsa cikin da'ira ta gefen dama, Márquez ya miƙa ƙafa, Robben ya faɗi, alƙali ya nuna fenareti, Klaas-Jan Huntelaar ya buga ta shiga. Har yau 'yan Meksiko ba su yarda cewa an yi ƙeta a wurin ba. A ganina, ko da gaskiyarsu, abin da ya kayar da su ya riga wannan bugun, domin tun bayan da suka ci suka koma baya suka bar wa Holan ƙwallo, kuma tawagar da ta tsaya a bakin ragarta na tsawon rabin sa'a tana gayyatar irin wannan hukunci. A 2018 sun fara da doke Jamus 1-0, amma Sweden ta ci su 3-0 a wasan ƙarshe na rukuni, abin da ya haɗa su da Brazil, wadda ta sallame su da ci 2-0.

A Qatar kuwa ko wasa na huɗun ba su gani ba. Sun yi canjaras da Poland, Ajantina ta ci su 2-0, suka doke Saudiyya 2-1, aka cire su saboda bambancin ƙwallaye.

Me ya hana Meksiko zuwa gasar 1990?

Hukunci ne daga FIFA. A 1988 'yan jaridar ƙasar suka gano cewa hukumar ƙwallon Meksiko ta sa 'yan wasan da shekarunsu suka wuce ƙa'ida a gasar matasa ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Guatemala. FIFA ta dakatar da dukan tawagogin ƙasar na tsawon shekara biyu, suka rasa wasannin Olamfik na Seoul da kuma gasar duniya ta Italiya. Wanda ya fi kowa asara shi ne Hugo Sánchez, saboda a kakar da ta ƙare daf da gasar ya ci ƙwallo 38 a La Liga, kuma babu ɗan wasan gaba a Turai da ya fi shi kaifi a lokacin.

Tsakanin Hugo Sánchez da Rafael Márquez, wa ya fi girma?

Amsar ta dogara ga ma'aunin da aka ɗauka, kuma a nan ne ake fara ganin giɓin da ke tsakanin sa'ar ɗan wasa a ƙungiya da sa'arsa a tawagar ƙasa. Sánchez ya tashi a Pumas ta jami'ar ƙasa da ke birnin Meksiko, ya koma Atlético Madrid a 1981, sannan Real Madrid ta ɗauke shi a 1985. Ya zama gwanin cin ƙwallo na La Liga sau biyar, ya ɗauki kofin gasar sau biyar a jere daga 1986 zuwa 1990, kuma ƙwallaye 38 ɗin nan na kakar 1989-90 duk da taɓawa ɗaya ya ci su, ba tare da ya tsaya gyara ƙwallon ba. Duk da haka, a gasar duniya uku da ya halarta, 1978 da 1986 da 1994, ƙwallo ɗaya tak ya ci, a ragar Beljiyom. Meksiko ba ta samu tikitin 1982 ba, an hana ta zuwa ta 1990, wato gasa biyu sun wuce shi a lokacin da yake kan ganiyarsa.

Márquez ɗan wasan baya ne wanda ya fito daga Atlas ta Guadalajara, ya ɗauki kofin Faransa da Monaco a 2000, ya koma Barcelona a 2003, inda ya ci La Liga sau huɗu da kofin zakarun Turai sau biyu, a 2006 da 2009. Shi ne ɗan Meksiko na farko da ya ɗaga wannan kofi. A tawagar ƙasa ya ɗaura ƙyallen kyaftin a gasar duniya biyar, daga 2002 zuwa 2018, ya kuma ci ƙwallo a uku daga cikinsu, ciki har da wadda ya farke wa Meksiko a wasan buɗe gasar 2010 bayan Siphiwe Tshabalala ya tayar da Afirka tsaye. Idan baiwa ce tsagwaronta, Sánchez ne a gaba. Idan kuma ana neman wanda ya haɗa nasara a Turai da doguwar hidima ga ƙasa, ni Márquez zan zaɓa.

Ina Chicharito ya tsaya a wannan jerin?

Javier Hernández, wanda duniya ta fi sani da Chicharito, shi ne ya kafa tarihin cin ƙwallo 52 wa tawagar ƙasar, inda ya wuce Jared Borgetti mai 46. Gidansu gidan ƙwallo ne, domin mahaifinsa yana cikin tawagar 1986, kakansa na wajen uwa, Tomás Balcázar, ya ci Faransa a gasar 1954, shi ma jikan ya ci Faransa a gasar 2010. Manchester United ta ɗauko shi daga ƙungiyar Chivas ta Meksiko a 2010, ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko, ya ɗauki kofin Firimiya a 2011 da 2013. Daga nan ya tafi aro Real Madrid, inda ƙwallonsa ta cire Atlético daga gasar zakarun Turai a 2015, sannan ya bi ta Bayer Leverkusen da West Ham da Sevilla da LA Galaxy kafin ya koma Chivas a 2024.

Abin da ya bi shi a manyan ƙungiyoyi shi ne an fi ɗaukarsa a matsayin wanda ake sakowa daga benci idan wasa ya cije. A Leverkusen, inda aka ba shi damar farawa a kai a kai, ya nuna cewa ya fi haka. Ƙarshen tafiyarsa da tawagar ƙasa bai yi daɗi ba, saboda bayan 2019 koci Gerardo Martino ya daina kiransa, aka tafi Qatar ba shi, kuma tawagar ta yi wasa biyu a can ba ta ci ko ɗaya ba.

Borgetti da aka ambata shi ne ɗan Meksiko na farko a gasar Firimiya, ya je Bolton a 2005 lokacin da Jay-Jay Okocha ke can, amma kaka ɗaya kawai ya yi.

Idan Meksiko na cin kofunan matasa, me ya sa abin ba ya kaiwa ga manya?

Wannan tambaya ce da mai bin ƙwallon Najeriya zai gane nan take, domin ƙasashen biyu sun sha haɗuwa a wannan mataki. Meksiko ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Peru a 2005 bayan ta lallasa Brazil 3-0, ta sake ɗauka a gida a 2011. A 2013, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yaran Manu Garba sun ci su 6-1 a rukuni, Kelechi Iheanacho ya zura huɗu, amma duk da haka 'yan Meksiko suka farfaɗo har suka kai wasan ƙarshe, inda Najeriya ta sake cin su 3-0. A 2015 a Chile ma Najeriya ce ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe da ci 4-2. Ƙari a kan haka, a 2012 Meksiko ta ci lambar zinare a Olamfik na Landan, inda Oribe Peralta ya ci Brazil ɗin Neymar sau biyu a Wembley, ta farkon tun kafin a cika minti ɗaya da fara wasa.

Saboda haka ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba, matsalar tana tsakanin shekara 18 da 23. Taurarin 2005 biyu sun isa misali. Carlos Vela, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, Arsenal ta saye shi, ya yi ta yawon aro, sai a Real Sociedad ya samu natsuwa ya zama ɗaya daga cikin gwanayen La Liga. A daidai wannan lokacin ne ya ƙi amsa kiran ƙasarsa, ya bar Olamfik na 2012 da gasar duniya ta 2014 suka wuce shi. Ya dawo a ƙarshen 2014, ya koma Los Angeles FC ta Amurka a farkon 2018, ya buga gasar duniya ta wannan shekarar, sannan ya kafa tarihin ƙwallo 34 a kakar 2019. Da Vela na fili a Fortaleza, wataƙila da labarin ya sauya. Giovani dos Santos kuwa ya taso a makarantar Barcelona, ya yi gaggawar komawa Tottenham a 2008, bai samu gurbi ba, ya yi ta sauya ƙungiyoyi, kuma mafi kyawun wasanninsa a rigar ƙasa ya yi su, musamman ƙwallon da ya ɗaga ta saman masu tsaron bayan Amurka a wasan ƙarshe na Gold Cup na 2011.

Me ya sa 'yan wasan Meksiko ba su da yawa a Turai kamar na Brazil ko Ajantina ko Najeriya?

Wannan ita ce cibiyar maganar baki ɗaya. Gasar cikin gida, Liga MX, tana cikin masu arziki a nahiyar Amurka. Manyan kamfanoni da attajirai ne ke riƙe da ƙungiyoyin, filaye na cika, kuɗin talabijin na shigowa daga gida da kuma Amurka, inda miliyoyin 'yan asalin Meksiko ke zaune. Matashin da ya fara haskawa a Monterrey ko Guadalajara yana samun albashin da ƙaramar ƙungiyar Holan ko Fotugal ba za ta iya ba shi ba, yana kusa da iyayensa, yana magana da harshensa, kuma tauraro ne a garinsu. Yaron Uruguay ko na Senegal dole ce ke fitar da shi, na Meksiko kuwa babu abin da ke korarsa.

Na biyu, ƙungiyoyin ƙasar suna saye da sayarwa a tsakaninsu a kan farashi mai tsada, har ya zama ƙungiyar Turai ta gwammace ta ɗauki 'yan Kudancin Amurka biyu da kuɗin ɗan Meksiko ɗaya. An kuma daɗe ana aiki da wata yarjejeniyar baka tsakanin masu ƙungiyoyi, wadda ta hana ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare komawa wata ƙungiyar cikin gida sai an biya tsohuwar ƙungiyarsa, abin da ya saɓa wa yadda ake yi a Turai kuma ya raunana 'yan wasa wajen yanke wa kansu shawara. Na uku akwai batun fasfo. A Sifaniya, inda harshe ya fi yi musu sauƙi, an ƙayyade yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba, kuma ɗan Meksiko yana cin gurbi a wannan ƙayyadewa har sai ya samu takardar zama ɗan ƙasa, alhali 'yan yawancin ƙasashen Afirka ba a lissafa su a ciki saboda wata yarjejeniya tsakanin ƙasashensu da Tarayyar Turai.

Akwai kuma matsalar dawowa da wuri. Diego Lainez ya tafi Real Betis a 2019 yana ɗan shekara 18 ana yi masa kallon magajin manya, bai samu wuri ba, a 2023 ya dawo gida ya shiga Tigres. Ba a ga laifin mutumin da ya zaɓi kwanciyar hankali da albashi mai kyau ba, amma tawagar ƙasa ce ke biyan farashin, domin ɗan wasan da bai saba karawa da gwanayen duniya kowane mako ba, ba zai koyi hakan cikin kwana huɗu a tsakiyar gasa ba. Waɗanda suka jure sun nuna abin da zai yiwu. Pável Pardo da Ricardo Osorio sun ɗauki Bundesliga da Stuttgart a 2007, Andrés Guardado ya yi shekaru fiye da 15 a Turai ya ɗauki Copa del Rey da Betis a 2022, Héctor Herrera ya zama kyaftin na Porto kafin ya ci La Liga da Atlético a 2021.

Yaya tsarin gasar cikin gida yake, kuma waɗanne ƙungiyoyi ne manya?

Ƙungiyoyi 18 ne, kuma tun 1996 ake fitar da zakara sau biyu a shekara, a gasar Apertura da ta Clausura. Kowace gasa zagaye ɗaya ce, sannan waɗanda suka fi maki su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale da ake kira Liguilla. Tsarin yana da daɗin kallo, amma yana sa masu ƙungiyoyi gajen haƙuri, saboda kocin da ya san wasa biyar marasa kyau za su iya raba shi da aikinsa ba zai ɗauki kasadar sa yaro ɗan shekara 18 a gaba ba, zai nemi gogaggen ɗan Ajantina ko Kolombiya. Shi ya sa baƙi suka daɗe suna mamaye layin gaba, tun daga Cabinho na Brazil, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar, zuwa José Cardozo na Paraguay a Toluca da André-Pierre Gignac na Faransa da ya zo Tigres a 2015.

Club América ta birnin Meksiko ce ta fi yawan kofuna, ta kai 16 bayan ta ɗauki uku a jere tsakanin 2023 da 2024. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Chivas ta Guadalajara, wadda al'adarta ita ce 'yan Meksiko kaɗai take sawa. Sai Cruz Azul, wadda ta yi zaman jira daga 1997 zuwa 2021 kafin ta sake ɗaukar kofi, da Pumas da Toluca, da kuma ƙungiyoyin Monterrey biyu masu kuɗi, Tigres da Rayados. A 2020 an dakatar da faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, aka mayar da hukuncin zuwa biyan tarar kuɗi, kuma an bar kamfani ɗaya ya mallaki ƙungiya fiye da ɗaya. Wannan na biyun ne ya sa FIFA ta cire León daga gasar ƙungiyoyin duniya ta 2025, saboda mai ita ɗaya ne da Pachuca.

A waje, ƙungiyoyin Meksiko sun riƙe kofin zakarun CONCACAF ba yankewa daga 2006 zuwa 2021. Tigres ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya a Fabrairun 2021, Bayern Munich ta ci ta 1-0, Pachuca kuma ta cire Al Ahly ta Masar a fenareti a gasar Intercontinental ta Disambar 2024 kafin Real Madrid ta doke ta. Babbar asarar ita ce ficewa daga Copa Libertadores, gasar zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka, bayan 2016. A shekarun da suka yi suna bugawa, Cruz Azul da Chivas da Tigres duk sun kai wasan ƙarshe, kuma zuwa Buenos Aires ko São Paulo a buga a gaban 'yan kallo masu zafi makaranta ce da wasannin yankinsu ba za su maye gurbinta ba.

Me ya sa Guillermo Ochoa ke zama gwarzo a gasar duniya amma ba a ganinsa a manyan ƙungiyoyi?

Ochoa shi ne misali mafi bayyana na ɗan wasan da sa'arsa ta rabu gida biyu. A wasan Brazil na 2014, Dani Alves ya aiko ƙwallo daga dama, Neymar ya tashi ya sa mata kai ta nufi kusurwar ƙasa, Ochoa ya yi tsalle zuwa damarsa ya ture ta da tafin hannu tana kan layi. Daf da tashi kuma ya tare wadda Thiago Silva ya sa wa kai daga 'yan taku kaɗan, aka tashi babu ci. A ranar ba shi da ƙungiya, domin Ajaccio ta Faransa da yake tsare wa raga ta faɗi daga rukuni kuma kwantiraginsa ya ƙare. Kowa ya zaci babbar ƙungiya za ta ɗauke shi, sai ya je Málaga, inda Carlos Kameni na Kamaru ya zaunar da shi a benci fiye da shekara guda. Daga baya ya faɗi da Granada a 2017 da Salernitana a 2024. Amma a Qatar, yana ɗan shekara 37, ya tare fenaretin Robert Lewandowski. Gola ne mai saurin motsi a kan layi, wanda ke haskawa idan ana yi masa ruwan ƙwallaye, sai dai manyan ƙungiyoyin Turai sun fi neman wanda ke fitowa ya kama ta sama kuma ya iya rarraba ƙwallo da ƙafa.

Me ya faru da Raúl Jiménez?

Jiménez ne ya ceci Meksiko a Oktoban 2013 da ƙwallon da ya juya baya ya buga ta sama a ragar Panama a Azteca, lokacin da tikitin gasar Brazil ke neman kuɓucewa. Bai yi tasiri a Atlético ba, ya yi zaman benci a Benfica, sai a Wolverhampton ya samu gida, inda ya ci ƙwallo 27 a dukan gasanni a kakar 2019-20. Ranar 29 ga Nuwamban 2020, a filin Arsenal da babu 'yan kallo saboda annobar korona, aka bugo kwana 'yan mintuna da fara wasa, kansa ya yi karo da na David Luiz, ya faɗi bai motsa ba. Likitoci sun ɗauki kusan minti goma a kansa kafin a fitar da shi, aka gano ƙashin kansa ya tsage, aka yi masa tiyata a Landan.

Ya dawo a Agustan 2021 da abin kariya ɗaure a kansa, amma ya ɗauki shekaru kafin ya koma yadda yake, kuma ya je Qatar da rauni. A Fulham, inda ya haɗu da Alex Iwobi da Calvin Bassey, ya farfaɗo har ya wuce Chicharito a matsayin ɗan Meksikon da ya fi cin ƙwallo a Firimiya. A Maris na 2025 ya ci Kanada biyu, ya ci Panama biyu, Meksiko ta ɗauki kofin Nations League na yankin a karon farko, a watan Yuli kuma ya ci Amurka a wasan ƙarshe na Gold Cup ya sadaukar da ƙwallon ga tsohon abokin wasansa Diogo Jota, wanda ya rasu kwanaki kaɗan kafin wasan.

Su waye suka biyo bayansu?

Hirving Lozano, wanda ya ci Jamus a 2018, ya ɗauki kofin Holan da PSV, ya kuma ɗauki na Italiya da Napoli a 2023 tare da Victor Osimhen, kafin ya koma San Diego ta Amurka a 2025. Edson Álvarez ya ci kofin Holan sau biyu da Ajax, ya koma West Ham a 2023, ya zama kyaftin na ƙasa, kuma raunin da ya ji a wasan farko na Copa América na 2024 yana cikin dalilan da suka sa aka cire tawagar tun a rukuni. Santiago Giménez, wanda aka haifa a Ajantina ya tashi a Meksiko, ya ɗauki kofi da Feyenoord a 2023 ya ci ƙwallo 23 a gasar Holan a kakar da ta biyo, AC Milan ta saye shi a farkon 2025. Barinsa a gida da Martino ya yi a 2022 kuskure ne da wuya a kare. Akwai kuma Gilberto Mora na Tijuana, wanda ya buga wasan ƙarshe na Gold Cup na 2025 yana ɗan shekara 16.

Me ya sa Meksiko ke buga yawancin wasanninta na sada zumunta a Amurka?

Kuɗi ne. Hukumar ƙwallon ƙasar tana da daɗaɗɗiyar yarjejeniyar kasuwanci da ke kai tawagar biranen Amurka irin su Los Angeles da Houston da Dallas, inda 'yan asalin Meksiko ke cika filaye komai ƙanƙantar abokin karawa. A irin wannan tsari ne suka ci Najeriya 4-0 a Los Angeles a Yulin 2021, lokacin da Najeriya ta kai 'yan wasanta na cikin gida. Illar ita ce tawagar kan yi wata da watanni ba ta buga a gaban 'yan kallon da ba nata ba. A halin da ake ciki kuma Amurka, wadda ke tura matasanta Turai da wuri, ta rage tazara, har ta doke Meksiko sau uku a shekarar 2021 kaɗai.

Me gasar 2026 ta sauya a lissafin?

Meksiko ta samu tikiti kai tsaye a matsayin mai masaukin baƙi tare da Amurka da Kanada, aka ware mata wasanni 13 a birnin Meksiko da Guadalajara da Monterrey. An tsara wasan buɗewa ranar 11 ga Yuni a Azteca, filin da ke kan tudu mai tsawon mita kusan 2,200 sama da teku, tsakanin Meksiko da Afirka ta Kudu, ƙasashen da suka buɗe gasar 2010 a rana irin wannan. Ragamar tawagar an miƙa ta a 2024 ga Javier Aguirre a karo na uku, mutumin da aka kora da jan kati a wasan Jamus na 1986 kuma ya jagoranci tawagar a 2002 da 2010, aka ba shi Márquez a matsayin mataimaki. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, an ƙara zagayen 'yan 32 bayan rukuni, saboda haka wasa na biyar ya koma zagayen 'yan 16 ɗin da suka saba tsayawa, kuma duk ƙasar da ke son shiga cikin takwas na ƙarshe sai ta kai wasa na shida.